Kumburin jijiyoyin maraina: yadda ake maganin ciwonsa ta hanyar toshe jijiya ba tare da yanka ba

Kumburin jijiyoyin maraina, wanda likitoci ke kira barikosil, yana cikin larurorin da suka fi yawa a tsakanin maza, kuma yana cikin waɗanda aka fi ɓoyewa saboda kunya. Alƙaluman da littattafan likitanci suka dogara da su sun nuna cewa kusan kashi 15 cikin 100 na maza baligai suna ɗauke da shi. Mafi yawansu ba sa jin komai, wasu ma har su tsufa ba su san suna da shi ba. Amma akwai kaso kaɗan, tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na masu larurar, da ke fama da ciwo mai nauyi wanda ke hana su sakewa a wurin aiki da kuma cikin iyali.

Shekara da shekaru, tiyata ce kaɗai mafita ga irin waɗannan mutane. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 aka samu wata hanya ta biyu, inda likita ke zura siririn bututu ta cikin jijiyar jini ya toshe jijiyar da ta lalace daga ciki. Sunanta a bakin likitoci embolizeshan. Wannan bayani ya ƙunshi yadda larurar take, yadda ake gane ta, yadda ake aikin toshewar, amfaninsa da haɗarinsa, da kuma inda mara lafiya a Abuja da sauran sassan Najeriya zai fara neman taimako.

Mene ne barikosil?

Jijiyoyin jini iri biyu ne a jikin ɗan Adam. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su kai shi gaɓoɓi, akwai kuma masu mayar da shi zuwa zuciya bayan ya gama aiki. A cikin masu mayarwar akwai ƙananan ƙofofi da ke aiki kamar bawul: suna barin jini ya wuce sama, su hana shi komawa ƙasa.

A saman kowane ɗan maraina akwai tarin ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini, sun sarƙe kamar raga. Suna haɗewa su zama jijiya guda da ke hawa ta cikin mara zuwa bayan ciki. Idan bawul ɗin wannan jijiya ya lalace, ko kuma an haifi mutum ba tare da shi ba, sai jini ya riƙa gangarowa baya duk lokacin da mutum yake tsaye. Jinin ya taru, jijiyoyin su buɗe, su murɗe, su kumbura. Wannan shi ne barikosil. Ɗan'uwan kumburin jijiyoyin da ke fitowa ɓaro-ɓaro a ƙafafun wasu mata masu juna biyu ne, sai dai wurin ya bambanta.

Larurar ba kasafai take kama yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ba. Ta fi bayyana a lokacin balaga, sa'ad da jinin da ke zuwa maraina ke ƙaruwa. Ba cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa ba, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba ta rikiɗewa ta zama sankara.

Dalilin da ya sa ya fi kama ɓangaren hagu

Kusan kashi 90 cikin 100 na barikosil da likita ke iya ganowa da hannu a hagu yake. Dalilin yana cikin tsarin halitta. Jijiyar dama tana zubewa kai tsaye cikin babbar jijiyar da ke kai jini zuciya, kuma a karkace take shiga, don haka jinin yana wucewa cikin sauƙi. Ta hagu kuwa ta fi tsawo da santimita 8 zuwa 10, kuma tana zubewa ne cikin jijiyar ƙodar hagu, a tsaye cak. Tsawon da kuma yanayin mahaɗar suna ƙara nauyin jinin da ke danna bawul ɗin.

A jikin wasu mutane, jijiyar ƙodar hagu tana matsuwa a tsakanin manyan jijiyoyi biyu na cikin ciki. Matsin yana sa jini ya nemi wata hanya, sai ya koma ƙasa ta jijiyar maraina.

Wannan bayani yana da amfani ga mara lafiya. Barikosil da ya fito a dama kaɗai, ko wanda ya fito kwatsam a jikin mutumin da ya haura shekara 40, ko wanda ba ya sacewa idan an kwanta, yana buƙatar a yi hoton ciki da ƙoda. Wani lokaci ƙari ne a ƙoda ko a bayan ciki ke danne jijiyar, kumburin maraina kuma shi ne alamar farko da ta fito fili.

Yadda ciwon yake

Ciwon barikosil yana da kamanninsa. Masu fama da shi suna kwatanta shi da nauyi ko ja, kamar an rataya wani abu a maraina. Ba ya sara ko suka. Da safe yakan yi sauƙi, ya riƙa ƙaruwa yayin da rana ke yi, ya tsananta da yamma. Doguwar tsayuwa, ɗaukar kaya mai nauyi, motsa jiki mai ƙarfi da zafin rana duk suna tayar da shi. Idan mutum ya kwanta rigingine, jinin ya koma, sai ciwon ya lafa cikin ɗan lokaci.

Saboda haka ne masu sana'ar tsayuwa suka fi kokawa da shi: malaman makaranta, masu gadi, jami'an tsaro, 'yan dako, masu aski da masu tsaron shago. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta a Abuja da jihohin Arewa, fatar maraina tana saki, jijiyoyin su ƙara buɗewa, ciwon kuma ya fi damun mai shi.

Idan kumburin ya girma, ana iya ganin jijiyoyin ta cikin fata. In an taɓa, sai a ji kamar dafaffiyar taliya a cikin leda, a saman ɗan marainan. Wani lokaci ɗan marainan ɓangaren da abin ya shafa yakan fi ɗan'uwansa ƙanƙanta da laushi.

Larurorin da ake rikita shi da su

A ƙasar Hausa, kusan duk ciwon da ya shafi mara da al'aura akan jingina shi ga sanyi ko basir. Da yawa sukan yi watanni suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga kemis, ko jiƙe-jiƙen masu tallar magani a tasha da kasuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke gyara bawul ɗin jijiya da ya lalace. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba ma yana jawo ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Akwai larurori da dama da ke kama da barikosil, kuma kowace da maganinta. Ƙaba ita ce saukowar hanji ta wata kafa a jikin mara. Gwaiwa taruwar ruwa ce a kewayen ɗan maraina, kuma a wasu yankunan Najeriya tsutsar da sauro ke yaɗawa, wadda ke haddasa tundurmi, tana cikin masu kawo ta. Kumburin da ƙwayoyin cuta ke jawowa yakan zo da zazzaɓi, zafin fitsari ko fitar ruwa daga gaba. Tsakuwar ƙoda ma tana iya aiko da ciwo har maraina.

Biyu daga cikin larurorin ba sa jira. Ta farko ita ce murɗewar ɗan maraina, wadda ta fi kama samari. Ciwonta yana zuwa farat ɗaya, da tsanani, sau da yawa da amai. Jini ne ke yankewa, kuma idan ba a yi tiyata cikin kusan sa'o'i 6 ba, ana iya rasa ɗan marainan baki ɗaya. Ta biyu ita ce sankarar maraina, wadda ke fitowa a matsayin ƙullutu mai tauri a jikin ɗan marainan kansa, galibi ba tare da ciwo ba. Tana cikin sankarorin da aka fi samun nasarar warkarwa idan an gano ta da wuri.

Yadda likita ke tabbatar da larurar

Bincike yana farawa da tambayoyi, sannan a duba mara lafiya yana tsaye a ɗaki mai ɗumi, a sake duba shi yana kwance. Likita zai ce masa ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri. Yunƙurin yana tura jini ƙasa, jijiyoyin su cika. Ana kiran wannan gwaji da sunan Antonio Valsalva, masanin sassan jiki ɗan ƙasar Italiya.

A shekarar 1970, likitoci biyu a Amurka, Dubin da Amelar, suka kasa larurar mataki uku, kuma har yau da rabonsu ake aiki. A mataki na 1, ba a jin kumburin sai an yi yunƙuri. A mataki na 2, ana jin sa da hannu ba tare da yunƙuri ba. A mataki na 3, ana ganin sa da ido.

Bayan haka akan yi sikanin na maraina. Na'urar tana auna faɗin jijiyoyin, tana kuma nuna inda jini ya dosa. Jijiyar da faɗinta ya kai milimita 3 ko fiye, tare da jini mai komawa baya lokacin yunƙuri, ita ce shaidar da aka fi dogara da ita. Sikanin ɗin yana auna girman 'ya'yan marainan biyu, ya kuma kawar da shakkar ƙari. Akan ƙara da gwajin fitsari, da gwajin maniyyi ga wanda ke neman haihuwa.

Matakin farko kafin a kai ga aiki

Barikosil da ba ya ciwo, bai taɓa haihuwa ba, bai kuma rage girman maraina ba, ba ya buƙatar magani. Ga mai ciwo ma, likitoci sukan fara da matakai masu sauƙi na wasu makonni. Daga ciki akwai sanya ɗan kamfai mai ɗaure maraina ya tallafe su, rage doguwar tsayuwa da ɗaukar nauyi, kwanciya na ɗan lokaci idan ciwon ya taso, da shan maganin rage zafi irin su farasitamol ko ibufurofen bisa umarnin likita.

Ana gargaɗi game da ɗorewa a kan magungunan rage zafi masu ƙarfi. Dogon amfani da ibufurofen ko diklofenak yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tiramadol kuwa yana kama jiki, kuma bai dace da irin wannan ciwo ba.

Idan an bi waɗannan matakai ciwon bai lafa ba, kuma bincike bai nuna wani dalili na daban ba, sai a fara maganar rufe jijiyar, ko ta tiyata ko ta hanyar toshewa.

Taƙaitaccen tarihi

Larurar tsohuwa ce a littattafan likitanci. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana kumburarrun jijiyoyin, ya kuma lura cewa ɗan marainan ɓangaren yakan ƙanƙance. A shekarar 1918, Oscar Ivanissevich na ƙasar Ajantina ya bayyana tiyatar ɗaure jijiyar ta wajen mara. A 1949, Alejandro Palomo na Gwatamala ya zo da hanyar ɗaure ta daga can sama. A 1952, Selby Tulloch na birnin Edinbura ya ba da rahoton wani mutum da ba a samun ƙwayoyin haihuwa a maniyyinsa, wanda ya samu haihuwa bayan an yi masa aikin. Daga nan ne aka fara ɗaukar barikosil a matsayin abin da ke shafar haihuwa. Tiyata da madubin ƙara girma ta bunƙasa ne da ayyukan Joel Marmar a 1985 da Marc Goldstein a 1992, dukansu a Amurka.

Hanyar toshewa ta fito ne daga wani fanni na daban. A 1953, Sven-Ivar Seldinger, likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, ya ƙirƙiro dabarar shiga jijiya da allura da siririyar waya, sannan a zura bututu a kan wayar. A 1964, Charles Dotter na Amurka ya yi amfani da bututu ya buɗe toshasshiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa, abin da ake ɗauka a matsayin mafarin yin magani ta cikin jijiya. A 1975, Cesare Gianturco da abokan aikinsa suka fito da murɗaɗɗiyar wayar toshe jijiya. Kafin shekarun 1970 su ƙare, an fara amfani da waɗannan dabaru a kan barikosil.

Yadda ake aikin toshewar

Wanda ke yin aikin ƙwararren likitan hoto ne da ya samu horo na musamman kan aiki ta cikin jijiya. Ana yin sa a ɗaki mai na'urar eksire da ke nuna hoto kai tsaye a allo, irin ɗakin da ake buɗe jijiyoyin zuciya.

Kafin ranar, akan gwada jini don a ga lafiyar ƙoda da yadda jinin ke daskarewa. Dole mara lafiya ya faɗi duk maganin da yake sha, musamman masu tsinka jini irin su wafarin da asfirin, da maganin ciwon suga na metfomin. Haka kuma zai faɗi idan jikinsa ya taɓa ƙin wani magani ko ruwan rinin da ake amfani da shi wajen hoto. Akan ce ya dakatar da cin abinci na wasu sa'o'i.

Ba a sa mara lafiya barci. Allurar kashe zafi ake yi a inda za a shiga, wani lokaci a ƙara da maganin kwantar da hankali. Mashigar takan zama jijiyar saman cinya ta dama, inda cinya ta haɗu da mara, ko jijiyar gefen wuya, ko ta hannu. Hujin bai wuce 'yan milimita ba, kuma ba a taɓa maraina da wuƙa ko allura.

Likita yana kallon allo yana tura bututun ta cikin babbar jijiya har zuwa jijiyar ƙodar hagu, daga nan ya karkata shi ƙasa cikin jijiyar maraina. Sai ya zuba ruwan rini, ya ce wa mara lafiya ya yi yunƙuri. Hoton zai nuna jinin da ke komawa baya, da duk wasu ƙananan rassa da ke gefe. Gano rassan yana da muhimmanci, domin reshen da aka bari a buɗe shi ne ke dawo da larurar.

Abubuwan toshewa iri uku ne, kuma sau da yawa akan haɗa biyu. Akwai murɗaɗɗun wayoyi masu laushi, na filatinam ko baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda ke naɗewa cikin jijiyar su sa jini ya daskare a kansu. Akwai ruwan magani ko kumfa mai ƙona bangon jijiyar daga ciki har ta manne. Akwai kuma gam na musamman da ke daskarewa da zarar ya haɗu da jini. Lokacin zuba ruwan maganin akan danne wajen mara da hannu don kada ya gangara cikin maraina.

Da an gama, sai a sake hoto a tabbatar jinin ya daina komawa, a zare bututun, a danne hujin na wasu mintuna, a manna filasta. Ba ɗinki. Aikin yakan ɗauki kusan sa'a guda.

Tambayar da marasa lafiya suka fi yi ita ce: ina jinin zai bi bayan an toshe hanyarsa? Maraina suna da wasu jijiyoyin mayar da jini, masu lafiyayyen bawul, da ke zubewa ta cikin ƙugu. Su ne ke karɓar aikin. Jijiyar da ke kawo wa maraina jini daga zuciya kuwa ba a kusantar ta ko kaɗan.

Bayan an gama

Mara lafiya yakan huta na sa'o'i kaɗan a asibiti, ya koma gida a ranar, tare da wanda zai raka shi. Mafi yawa suna komawa aikin ofis ko wani aiki mara nauyi cikin kwana 1 zuwa 2. Ɗaukar kaya, motsa jiki mai ƙarfi da kusantar iyali akan ɗage su na kusan mako guda, ko yadda likita ya tsara. Ana son shan ruwa da yawa don ƙoda ta fitar da rinin.

Ɗan ciwon baya ko na kwiɓi na 'yan kwanaki abu ne da aka saba gani, haka ma ɗan zazzaɓi mara ƙarfi. Ciwon asali ba ya ɓacewa a ranar. Yakan ragu sannu a hankali cikin makonni, wani lokaci har wata 3, yayin da kumburarrun jijiyoyin ke motsewa. Wayoyin suna zama a jiki har abada, kuma mutum ba ya jin su. Ya kamata ya riƙe takardar da ke nuna irin wayar da aka sa masa, ya nuna ta duk lokacin da za a yi masa hoton maganaɗisu.

Zubar jini daga hujin da ya ƙi tsayawa, kumburin ƙafa, zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko kumburin maraina mai tsanani, duk dalilai ne na komawa asibiti nan take.

Kwatanci da tiyata

Rahotannin asibitoci daban-daban sun nuna cewa mafi yawan waɗanda aka zaɓa da kyau suna samun sauƙin ciwo, ko ta tiyata ko ta toshewa. Waɗanda suka fi dacewa su ne masu ciwo mai nauyi da ja, mai lafawa da kwanciya, tare da kumburin da ake ji da hannu. Mai ciwo mai sara ko suka, ko wanda ciwonsa ba ya canzawa da tsayuwa ko kwanciya, yana iya yin aikin ciwon bai tafi ba, domin tushensa na iya zama wani abu dabam. Babu likitan kirki da zai yi alƙawarin warkewa ɗari bisa ɗari.

Wani nazari da Selahittin Çayan na ƙasar Turkiyya da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya tattara sakamakon bincike masu yawa kan maza marasa haihuwa. Ya nuna cewa larurar tana dawowa ga kusan kashi 1 cikin 100 bayan tiyata da madubin ƙara girma, kusan kashi 4 bayan tiyata da kyamarar ciki, kusan kashi 13 bayan toshewa, da kusan kashi 15 bayan tsohuwar hanyar Palomo. Saboda irin wannan sakamako ne likitocin mafitsara da dama ke fifita tiyata da madubi, musamman ga mai neman haihuwa.

Toshewa tana da nata fifikon. Ba a sa barci, ba yanka, kuma ana saurin komawa aiki. Ba ta taɓa ƙananan magudanan ruwan jiki da ke kusa da jijiyar, waɗanda idan aka ɗaure su bisa kuskure a tiyata suke haddasa gwaiwa. Tana da amfani ƙwarai ga wanda aka yi wa tiyata larurar ta dawo, domin hoton rini yana nuna reshen da ya kuɓuce, kuma ba sai an sake bi ta kan tsohon tabo ba. Rauninta shi ne, a wasu mutane bututun ba ya samun shiga jijiyar saboda yanayin halittarta, kuma hakan ya fi faruwa a ɓangaren dama. Idan haka ta faru, sai a koma ga tiyata.

Haɗarin da ke tattare da aikin

Matsalolin da aka fi gani ƙanana ne: taruwar jini a ƙarƙashin fata a wurin hujin, ko kumburi da zafi a jijiyoyin maraina idan ruwan maganin ya gangara, wanda ke lafawa da magani cikin kwanaki. Jikin wasu yana ƙin ruwan rini, daga ƙaiƙayi har zuwa abin da ya fi haka tsanani, kuma rinin yana iya wahalar da ƙodar da dama ba ta da lafiya. Bututun yana iya huda bangon jijiyar, wanda galibi yakan rufe da kansa. Gocewar waya daga inda aka ajiye ta zuwa huhu abu ne da ba safai yake faruwa ba. Akwai kuma hasken eksire, wanda likita ke taƙaita lokacinsa, yana kauce wa haska maraina kai tsaye.

Batun haihuwa

Maraina suna aiki ne a yanayin da ya gaza zafin jiki da digiri 2 zuwa 3 a ma'aunin Selshiyos. Jinin da ya taru yana ɗumama su, ya rage yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarinsu. Ana samun barikosil a jikin kusan kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na mazan da ke zuwa asibiti saboda ba su taɓa haihuwa ba. Duk da haka, mafi yawan masu larurar suna haihuwa lafiya lau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na Afrilun 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na baligai a duniya yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A gidaje da yawa matar ake fara tuhuma, a yi ta kai ta asibiti da wurin masu magani, har ta kai ga saki ko ƙarin aure, alhali ba a taɓa gwada mijin ba. Gwajin maniyyi da duba maraina sun fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha.

Ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin mafitsara na Amurka da na Turai sun ba da shawarar yin aiki idan ana jin kumburin da hannu, gwajin maniyyi ya nuna rauni, kuma ma'auratan sun kasa samun haihuwa. Ba su goyi bayan yin aiki a kan ɗan kumburin da sikanin kaɗai ke gani ba. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala, don haka ba a sake gwaji sai bayan wata 3 zuwa 6. Ga samari kuwa, akan yi aiki idan ɗan marainan ɓangaren ya gaza ɗan'uwansa da kusan kashi 20 cikin 100.

Inda za a nufa a Abuja da sauran jihohi

Ƙofar farko ita ce likitan mafitsara, domin shi ne zai tantance ko barikosil ne ke kawo ciwon. A Babban Birnin Tarayya akwai Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi. Asibitocin gunduma na Asokoro, Maitama da Wuse suna duba mara lafiya su tura shi gaba idan akwai buƙata. A jihohin Arewa akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Tiyatar barikosil aiki ne da likitocin mafitsara a asibitocin koyarwa suka saba yi. Toshewa kuwa tana buƙatar ɗaki na musamman, da wutar lantarki mara yankewa, da likitan da ya ƙware a fannin. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a Najeriya, kuma sun fi taruwa a manyan birane, musamman Legas. Bututu da wayoyin daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin kuɗi, shi ya sa aikin yakan fi tiyata tsada. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya ke fitowa daga aljihun jama'a, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan ƙasa, amma mai inshora ya tambayi kamfaninsa tun da wuri ko tsarinsa ya ƙunshi aikin, ya kuma karɓi amsar a rubuce.

Kafin mara lafiya ya amince da aiki, yana da haƙƙin ya tambayi likita sau nawa ya yi irinsa, da wane abu zai toshe jijiyar, me za a yi idan bututun ya kasa shiga, nawa ne kuɗin gaba ɗaya har da na wayoyi da gwaje-gwaje, da kuma wa zai duba shi bayan an sallame shi. Yana iya tabbatar da rajistar likitan a wurin Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Wanda ya zo daga wata jiha ya tafi da sakamakon sikanin da gwaje-gwajensa, ya kuma shirya kwana ɗaya a garin bayan aikin kafin ya hau doguwar hanya.